Datong: Kogunan Yungang, Haikalin da Ke Rataye da Hasumiyar Katako

Mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin yawanci iyakarsu Guangzhou da Yiwu: a sari kaya, a loda a kwantena, a juyo gida. Wanda ya samu rarar kwana uku bayan ya gama harkarsa, shawarata ya nufi arewa, zuwa Datong da ke lardin Shanxi, kusa da iyakar Mongoliya ta Gida. Garin haƙar kwal ne, kuma wanda ya sauka a tasha zai ga dogayen benaye da manyan tituna irin na kowane birnin masana'antu. Sai dai garin ya yi kusan shekara ɗari yana hedikwatar daula, kuma a kewayensa akwai aikin dutse da na katako da ya daɗe a tsaye, wani ya haura shekara 1,500. Wahalar ziyarar ita ce wuraren a warwatse suke, sannan tsoho da sabo sun cakuɗe, har baƙo kan ƙarar da yininsa yana ɗaukar hoton ginin da bai kai shekara ashirin ba, ya bar na asali a bayansa.

Na shiga garin ne ta jirgin ƙasa mai saurin gudu daga Beijing, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2019. Tafiyar wajen awa biyu ce. Jiragen suna tashi daga tashar Beijing ta Arewa ko ta Qinghe, su sauke mutum a tashar Datong ta Kudu. Akwai kuma tsohuwar tashar Datong a arewacin gari, wadda jirage masu tafiyar hawainiya ke tsayawa, kuma mutane kan rikita su biyun wajen sayen tikiti ko kiran tasi. Ana fara sayar da tikiti kwana 15 kafin tafiya. Fasfo shi ne tikitin, don haka sunan da ka rubuta wajen saye dole ya zo daidai da na cikin fasfo, harafi da harafi. Haka abin yake a ƙofar kowane wurin tarihi, kada fasfo ya kwana a akwati.

Kafin ka baro gida ka haɗa katin bankinka da Alipay ko WeChat, domin hatta mai sayar da ruwa da waya yake karɓar kuɗi, kuma ka riƙe 'yan takardun yuan saboda ranar da katin zai ƙi. Taswirar Google ba ta da amfani a can. Amap ce ke nuna hanya daidai, Didi kuma ita ce ta kiran mota. Wajen kama masauki ka tabbatar otal ɗin yana karɓar baƙin waje, saboda doka ce a yi wa baƙo rajista da 'yan sanda, kuma wasu ƙananan otal-otal kan mayar da mutum don gudun wannan aikin. Garin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 1,000, iskarsa busasshiya ce. A ƙarshen Oktoba, lokacin da ake baje kolin Guangzhou cikin zafi, daren Datong yana gab da daskarar da ruwa. A Janairu kuwa sanyin dare kan wuce digiri 15 ƙasa da sifili. Watan Mayu zuwa tsakiyar Oktoba ya fi, amma a kauce wa makon farko na Oktoba da kwanakin farko na Mayu, lokacin hutun ƙasa ne, layi kaɗai zai cinye yinin.

Kogunan Yungang su ne dalilin zuwa. Suna kilomita 16 yamma da gari, an sassaƙa su a jikin wani gefen tsauni na dutsen yashi mai fuskantar kudu, tsawonsa kusan kilomita ɗaya daga gabas zuwa yamma. Hukumar UNESCO ta saka su cikin kayan tarihin duniya a 2001, da lissafin koguna 252 da mutum-mutumi kimanin 51,000, manyan kogunan kuma 45 ne. Kuɗin shiga yuan 120 ne a lokacin baƙi, 100 a hunturu, kuma ana yin rajista ta intanet tun kafin ranar.

Ba za a gane abin da ake kallo ba sai an san waɗanda suka yi aikin. Dangin Tuoba ne, makiyaya mahaya dawaki daga arewa, waɗanda suka kafa daular Wei ta Arewa suka mayar da wannan gari hedikwatarsu a shekara ta 398, lokacin ana kiransa Pingcheng. A 439 suka ci yankin Liangzhou da ke kan hanyar fatauci ta siliki, suka kwaso jama'arsa har da malaman addinin Buddha da masu sana'ar hannu. A 446 sarki Taiwu ya juya wa addinin baya, ya sa aka rushe wuraren bauta aka kashe malamai. Jikansa Wencheng ya dawo da addinin a 452, sannan wajen 460 wani malami mai suna Tanyao ya samu izinin haƙa koguna biyar, waɗanda yau ke da lamba 16 zuwa 20. Kowanne yana ɗauke da ƙaton Buddha guda, kuma masana sun tafi a kan cewa kowane ɗaya yana wakiltar wani sarki na gidan. Abin da aka rusa da umarnin sarki, sai aka sake yinsa da dutse da siffar sarki, yadda wani ba zai iya ƙona shi ba.

Daga ƙofar shiga zuwa kogo na farko tafiyar kusan minti ashirin ce a ƙafa, ta cikin dandali da wani haikali da ke tsakiyar tafki. Duk wannan sabon gini ne na shekarun baya-bayan nan. Kada ka tsaya. Ka iso da buɗe ƙofa, ka wuce kai tsaye zuwa kogo na 5 da na 6, domin su ne ake tara wa layi da zarar motocin rukunin baƙi sun iso. Gabansu akwai rumfar katako mai hawa-hawa da aka gina a 1651, ita ta kare cikinsu daga iska da ruwa. A na 5 akwai Buddha a zaune mai tsawon mita 17, mafi girma a wurin, an lulluɓe shi da yumɓu da ruwan zinariya a zamunan baya. Na 6 shi ne ya fi riƙe ni. An bar ginshiƙi mai kusurwa huɗu a tsakiya, kusan mita 15, wanda ba ɗora shi aka yi ba, dutsen da ke kewaye da shi aka cire. A jikinsa da jikin bango an sassaƙa tarihin rayuwar Buddha fage bayan fage, daga haihuwa zuwa barin gidan sarauta. Da wuya ka samu wurin da tafin hannu zai rufe wanda ba a taɓa da kurfi ba. Masu gadi suna hana kunna fitilar kyamara, a wasu kogunan ma suna hana hoton gaba ɗaya, saboda launi.

Koguna na 9 zuwa 13 an shafe su da fenti mai haske a zamanin Qing, daular sarakunan Sin ta ƙarshe, abin da wasu ke ganin ya ɓata su. A na 9 da na 10 ka ɗaga kai ka duba kawunan ginshiƙai, za ka ga naɗi irin na ginin Girka, wanda ya biyo ta Gandhara, yankin da ke Pakistan da Afganistan a yau. Na 12 cike yake da makaɗa, kowa da kayan kiɗansa, sarewa da ganguna da masu tsirkiya, kuma masu binciken tarihin kiɗa suna dogara da shi sosai. Daga nan sai kogunan Tanyao. Ƙuntatattu ne, mutum-mutumin ya cika su, sai ka ja baya ka leƙa ta tagar sama kafin ka ga fuska. A na 18 an sassaƙa ɗaruruwan ƙananan Buddha a jikin mayafin babban. Na 20 bangon gabansa ya rushe tun da daɗewa, shi ya sa Buddhansa mai mita 13.7 yake zaune a fili, da faffaɗar kafaɗa da miƙaƙƙen hanci da kunnuwa har kafaɗa. Shi ne hoton da ake sakawa a kowace takardar talla.

Wanda ya lura zai ga sutura tana sauyawa. A kogunan da aka fara haƙawa mayafi ne irin na Indiya, manne da jiki, kafaɗa ɗaya kusan a buɗe. A na baya riga ce mai faɗin hannu irin ta fadawan Sin, domin sarki Xiaowen ya tilasta wa mutanensa ɗaukar sutura da al'adun Sinawa, kafin ya kwashe hedikwata zuwa Luoyang a 494. Bayan tafiyar fada sai kuɗin sarauta ya yanke. Ƙananan kogunan yamma, daga 21 zuwa 45, masu hali na gari ne suka biya aka yi, siffofin sirara ne masu dogon wuya. Yawancin baƙi ba sa ƙarasawa can, don haka wurin shiru ne.

Za ka ga ramuka a jere a jikin wasu mutum-mutumin. Masu gyara na zamunan baya ne suka huda suka kafa turakun katako don su riƙe yumɓun da suka shafa. Yumɓun ya zube, katakon ya ruɓe, ramin ya saura. Babban abokin gabar wurin ruwa ne. Yana tsatsowa daga saman tsauni, ya narkar da gishirin cikin dutse, gishirin ya bushe ya tsattsage fuskar sassaƙa, sanyin hunturu kuma ya ƙara buɗa tsagar. Shi ya sa bangon baya da ƙasan koguna suka fi cinyewa. Ƙurar kwal ta ƙara nata: babbar hanyar da motocin kwal ke bi ta gaban kogunan take wucewa, sai a ƙarshen shekarun 1990 aka karkatar da ita. Wasu kawunan kuma ɓarayi ne suka sare a farkon ƙarni na 20, suna gidajen tarihi na ƙasashen waje. Ana rufe koguna bi da bi don gyara, saboda haka ka duba sanarwa kafin ka je. Awa uku zuwa huɗu sun isa.

Ni Musulmi ne, kallon tarihi da gwanintar hannu ya kai ni. Akwai masu zuwa ibada, suna ƙona turare suna sunkuyawa. Ba wanda zai nemi ka yi abin da suke yi; abin da ake so kawai kada ka tsaya tsakaninsu da abin da suke fuskanta, kada ka ɗaga murya, kada ka taɓa bango.

Rana ta biyu ta kudu ce, kuma mota ake ɗauka ta yini. Ana iya zuwa da bas, amma haɗa haikalin da ke rataye da hasumiyar katako da bas yana cinye lokaci. A yi ciniki da direba tun daren jiya, a rubuce a waya: wuraren da za a tsaya, da wanda zai biya kuɗin babbar hanya da na ajiye mota. Rashin fayyace wannan shi ke kawo gardama da yamma.

Haikalin da ke rataye, Xuankong Si, yana kusa da garin Hunyuan, kimanin kilomita 65 kudu maso gabas, tafiyar awa ɗaya da rabi. Ɗakuna ne wajen arba'in manne a jikin miƙaƙƙen dutse, kusan mita 50 sama da ƙasan kwazazzabo. Ana danganta kafa shi da ƙarshen zamanin Wei ta Arewa, amma ginin da ake gani yanzu yawancinsa gyaran zamanin daulolin Ming da Qing ne. Daga ƙasa ido yana faɗawa kan siraran sandunan da ke tsaye a ƙarƙashinsa, mutum ya ɗauka su ke ɗauke da shi. Nauyin yana kan wasu katakai ne da aka kwantar, kamar yadda magini ke jera azara ta fito daga bango. An haƙa ramuka masu zurfi a dutsen, aka cusa kusan kashi biyu cikin uku na kowane katako, sauran ya fito waje aka shimfiɗa daɓe a kai. A bakin katakon da ke shiga rami ana sa tsinken katako, yadda in an buga shi ciki zai buɗe ya cije. Sandunan tsaye daga baya aka ƙara, wasunsu ma suna motsi in ba kowa a sama. Wurin da aka zaɓa shi ya raya ginin: dutsen ya turo goshi ta sama yana tare ruwan sama da duwatsun da ke gangarowa, tsaunin da ke fuskantarsa kuma yana tare rana sai 'yan awoyi, don haka katakon bai ruɓe ba bai kuma tsage ba. A ɗakin da ya fi kowanne sama an ajiye siffofin Buddha da Laozi, jagoran addinin Tao, da Confucius, babban malamin ɗabi'a na Sinawa, wuri guda.

Tikiti iri biyu ne, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Na shiga harabar yuan 15 ne, na hawa kuma 100, kuma na hawan adadinsa ƙayyadadde ne a kowace rana. Tun da wani wasan kwamfuta da ya fito a 2024 ya nuna wuraren tarihin Shanxi, baƙi suka yi yawa, tikitin hawa kan ƙare tun kafin ranar. A nema ta intanet da wuri, ko a roƙi ma'aikatan otal su taimaka, sannan a baro Datong da sassafe, domin da hantsi layin kan kai awa biyu ko fiye. A sama hanyar ɗaya ce, ba komawa baya. Faɗinta na mutum ɗaya ne, makarin gefe bai kai ƙugu ba, matakalar kuma a tsaye take. A bar babbar jaka a mota, a sa takalmi mai kama ƙasa, babbar riga kuma a naɗe ta. Mai jin jiri a wuri mai tsawo ko mai ciwon gwiwa ya tsaya a ƙasa. Tsarin ginin ma daga ƙasan aka fi ganinsa.

Tsaunin Heng yana nan gefe, ɗaya daga manyan tsaunuka biyar masu alfarma a al'adar Sinawa, ƙololuwarsa mita 2,016. Haikalan da ke jikinsa na addinin Tao ne. Akwai akwatin da ke hawa da mutane a kan igiyar ƙarfe, daga nan a ci gaba da ƙafa cikin itatuwa. Akwai wani tsaunin mai irin wannan suna a lardin Hunan, can kudu, a kula wajen sayen tikiti. Hawansa yana cin rabin yini, kuma a ganina wanda ke da yini ɗaya tak ya bar shi ya wuce Yingxian.

Hasumiyar katako ta Yingxian tana kimanin kilomita 50 yamma da Hunyuan. An gina ta a 1056, zamanin daular Liao, tsawonta mita 67.31, kuma ita ce hasumiyar katako zalla mafi tsufa da ke tsaye a ƙasar. Kusurwa takwas gare ta. Daga waje hawa biyar ake ƙirgawa, amma tara ne, domin tsakanin kowane hawa biyu akwai ɓoyayyen hawa cike da katakan da aka gicciya, su ne ɗamarar ginin. Ginshiƙai zobe biyu ne, na ciki da na waje. Inda ginshiƙi ya haɗu da rufi an yi amfani da haɗin katako mai shiga juna har iri 54, wanda ke ɗan motsawa in ƙasa ta girgiza maimakon ya karye. Ta sha girgizar ƙasa da dama, ta sha harsasan igwa a yaƙin 1926. Abin da ya fi cutar da ita gyara ne: a shekarun 1930 aka cire bangayen yumɓu na benayen, waɗanda ke da katakan tokara a ciki, aka sa ƙofofi da tagogi don ado. Tun daga nan hawa na biyu ya fara karkata. In ka zagaya ta a hankali kana duban ginshiƙan wannan hawa, za ka ga karkatar da idonka. Saboda haka an hana hawa. Ƙasa kawai ake shiga, inda Buddha na yumɓu mai mita 11 yake zaune cikin duhu. Awa ɗaya ta isa, komawa Datong kuma wajen kilomita 75 ne.

Cikin gari sai an tantance. Ganuwar da ke kewaye da tsohon birni, mai tsawon fiye da kilomita bakwai, asalinta ta 1372 ce, ginin janar Xu Da na farkon daular Ming. Amma tubalin da ake gani yau sabo ne. Magajin gari Geng Yanbo ne ya fara sake gina ta a 2008, aikin da ya tashi dubban gidaje, kuma har yau ana muhawara a kansa. Hawanta da yamma yana da daɗi, ana ba da hayar keke a sama. Yawancin titunan da ke kama da na da a ciki su ma sababbi ne. Na asali uku ne da bai kamata a rasa ba. Haikalin Huayan yana fuskantar gabas saboda mutanen Khitan da suka kafa daular Liao suna girmama fitowar rana. Ɗakin ajiyar littattafansa na 1038 ne, da mutum-mutumin yumɓu na wancan zamani da kabad-kabad na katako a jikin bango, babban zaurensa kuma na 1140. Haikalin Shanhua da ke kusa da ƙofar kudu ya fi shiru, gine-ginensa na zamanin Liao da Jin ne. Sai bangon dodanni tara, na ƙarshen ƙarni na 14, mai tsawon mita 45.5 da tsayin mita 8, an yi shi da tangaran mai launi don ya tare ƙofar fadar ɗan sarkin da ya kafa daular Ming. Fadar da ke tsallaken titi sabon gini ce.

Babban masallacin Datong yana cikin tsohon birni, tafiyar ƙafa daga Huayan, gininsa irin na Sinawa mai lanƙwasasshen rufi. Musulmin wurin 'yan ƙabilar Hui ne, Hanafawa, don haka la'asarsu tana jinkiri fiye da yadda muka saba. Alƙibla yamma take. A Yungang da sauran wuraren bayan gari ba wurin salla, ba kuma buta a banɗaki, sai mutum ya riƙe gorar ruwa ya yi amfani da rangwamen matafiyi.

Abincin da garin ya yi suna da shi taliya ce da ake fere ƙullin da wuƙa kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, amma miyarta ta yau da kullum ta naman alade ce. A nemi shagon da ke da alamar 清真 a ƙofa, sau da yawa da koren allo; ka ajiye hoton alamar a waya. Farfesun kayan cikin rago da ake sayarwa da safe akan sa masa jini a shagunan da ba na Musulmi ba. A Hunyuan akwai wani abinci mai sanyi na sitacin dankalin turawa, ana zuba masa man barkono da ruwan khal da soyayyen wake da busasshiyar awara, babu nama a cikinsa.

Wanda ke da rabin yini na ƙari ya nufi gabas, gundumar Yunzhou, wajen kilomita 30 daga gari. Akwai tuddai kusan talatin na duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa, ciyawa ta rufe su, a kan ɗaya daga cikinsu an gina haikalin Haotian. Ƙasar wurin baƙin tsakuwa ce mara nauyi mai ramuka, tana zamewa a gangara. Ba inuwa, shaguna kaɗan ne, kuma samun motar komawa ta manhaja yana wuya, don haka a riƙe direban da ya kawo mutum ya jira. A lissafa awa ɗaya daga can zuwa tashar Datong ta Kudu, a ƙara rabin awa na binciken kaya da duba fasfo, domin ana rufe ƙofar shiga jirgi 'yan mintuna kafin ya tashi.